Kafin Ka Taka Jirgin Cindo

Ka ce hutu ka samu, Nafi'u,
kwana uku babu ofis,
kuma ruwa kake marmarin gani.
To, zo Guri bayan damina,
lokacin da kogi ya ci gonaki ya ƙoshi.
Amma tsaya in gaya maka tun yanzu,
kada gobe ka ce ban faɗa ba.

Takalmin nan naka mai ƙyalli, bar shi a Kano.
Tsakanin gaɓa da jirgi akwai taɓo taku bakwai,
kuma taɓon bai san ma'aikaci ba.

Jirgin na Cindo ne.
Katako ne, tsawon shanu uku a jere,
an toshe haƙarƙarinsa da tsumma da kwalta.
Yana yoyo. Kada gabanka ya faɗi,
tun ina yaro yake yoyo.
Za a miƙo maka ƙoƙo:
wanda ya zauna tsakiya shi ke kwarfa,
ko da ɗan hakimi ne.

Kada ka tambayi ƙarfe nawa za a tashi.
Sai Ladidi ta gama jera tukwanenta,
sai an ɗaure akuyar Malam Barau,
sai mai babur ya lallashi babur ɗinsa ya kwanta,
sannan Cindo zai tofa bisimilla a tafi,
ya kafa gora a ƙasan ruwa.

A kwanar farko wayarka za ta yi shiru.
Ƙyale ta.
Daga nan sai kacalla, ta ninka ka tsayi,
hanya ta tsuke kamar lungun cikin gari,
ganye na shafar kunnenka hagu da dama.
Ka yi haƙuri da ita, mu ma haƙuri muke.
Can za ta buɗe ba sallama,
ka ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji,
bado ya baza faranti,
kirinjijiya ta tashi garke guda tana fito,
zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya
kamar mai jiran a biya shi bashi.

Abincin rana yana kan tudun masunta.
Tarwaɗa ce, daga mali zuwa garwashi,
da yaji a ƙullin leda.
Babu cokali. Kogi ne wurin wanke hannu.
In Ladidi ta ba ka fura, sha,
za ta tambaye ka aure, ka ce da sauran lokaci.

Akwai wani wuri, bayan la'asar,
da Cindo zai daina magana.
Za ka ga kan tsamiya shi kaɗai tsakiyar ruwa,
balbelu sun yi masa rawani.
Gidan ubansa ne a ƙasa,
da rumbu biyu, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa.
Zai ɗaga gora, ya bar jirgi ya wuce da kansa.
Kada ka ɗauki hoto.
Kada ka ce Allah sarki.
Ci gaba da kwarfa kawai.

Da magariba sauro zai karɓi harajinsa,
ba ya ragi, ba ya bashi.
Ka taho da riga mai dogon hannu.
Ka taho wa Cindo da goro, fari yake so,
kuɗin jirgi kuwa kada ka taya,
abin da ya faɗa bai kai wahalar kafaɗarsa ba.

Daren nan tabarma za ta yi ta lilo da kai,
ka kama ƙasa, ƙasa na tafiya.
Ba ciwo ba ne.
Ni shekara tara da barin gida,
har yau in na rufe ido a motar haya
hannuna na neman ƙoƙo.