Maɓallin Sama

Tela ne ya fara gani, ba likita ba.
Baba Lasisi na Agege ya zagaya igiyar awo a wuyana,
ya duba littafinsa, ya sake zagayawa.
"Tukur, bara sha biyar da rabi ne.
Ba ƙiba ka yi ba. To wannan fa?"
Ya danna da ɗan yatsa.
Wani abu kamar ƙwallon dabino
ya hau ya sauka da na haɗiyi yawu.

Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12,
maƙogwaro ne jarina.
Da shi nake tare tirela tun kafin ta tsaya,
da shi nake karya farashi, da shi nake ɗinke shi.

Lantana ta ce, "Maƙoƙo ne, me ye na zullumi?
Kakata ta rufe nata da murjani
har ta ga tattaɓa-kunne."
Na ce to.
Da dare hannuna ya riƙa zuwa wurin shi kaɗai
kamar harshe da haƙori mai girgiɗa.

A Idi-Araba aka shafa mini wani mai sanyi.
Allon ya nuna ruwa baƙi,
irin na ƙarƙashin gada da asuba,
da ɗan tsibiri guda a tsakiya.
Likita Fagbemi ta ce, "Murya ta dushe?
Tuwo yana wucewa? Akwai mai irinsa a dangi?"
Sannan ta ce, "Cikin goma, tara lafiya lau suke.
Ɗayan muke nema, don sankara,
in an kama ta da wuri, tana jin magani."

Na yi murmushi, don ta shigo sana'ata.
Na san buhu mai kyan baki.
Ruɓaɓɓiya ɗaya ba ta yin shela,
sai ka zura hannu.

Ta zura allura, siririya kamar gashin masara.

Mako biyu.
A cikin danfo, a cunkoson Ojota,
ban ƙara kallon fuskar kowa ba, sai wuya:
na kwandasta, jijiya a miƙe,
na mai sayar da gurasa, gumi na gangara,
na wata tsohuwa mai sarƙa uku.
Ashe kowa a kan wannan siririn gwangwala
yake ɗauke da kansa.

Ran Talata ta buɗe takarda.
"Ba ita ba ce. Amma ka dawo baɗi mu auna.
In ya girma, ko murya ta canza, kada ka jira baɗi."

Ban yi guɗa ba. Na sayi ruwan leda, na shanye,
ina jin shi yana wucewa ta gefen baƙona.

Na koma Agege.
Baba Lasisi ya ce, "In saki wuyan rigar?"
Na ce, "Matsar da maɓallin kaɗan dai.
Kuma ka rubuta awon da biro,
kada ka goge."