Sauke Gilashi

Kyari ya dawo daga Kwatano
da mota baƙa wul, cikinta na shafar ƙasa.
Ta tsaya ƙofar garejina a Zango,
ba tari, ba atishawa.
Yaron da na koya wa wanke buji da lisansi
yau shi ke miƙo mini makulli
marar haƙori ko ɗaya.

Ya ce, "Baba Manzo, ka ga mota?
Kafin ka idar da alwala ta kai Miriya."
Na ce na gani.
Na waiga ƙarƙashin rumfa
inda nawa ke lulluɓe da tsohon zanen Barira:
babur mai tukunya biyu, dama da hagu,
sun fito waje kamar kunnuwan mai jin gulma.
Wani Bature ya ƙetaro hamada da shi,
ya iso nan da zazzaɓi da kewar gida,
ya sayar mini, ya nemi jirgi.
Shekara talatin da huɗu ke nan.

Ita taka, Kyari, ɗaki ce mai gudu.
Shi wannan ba ya ɓoye ka daga komai.
Ka ɗauki hanyar Tanut da asuba,
sanyi zai ƙirga maka haƙarƙari ɗaya ɗaya.
Ka gangara Matamaye, hanci zai riga ido
sanin inda ake saran rake.
Ruwan farko ya taɓa tare mu bayan Takeita,
Barira ta ƙanƙame ni tana zagina tana dariya,
goron aljihuna ya jiƙe, takardun babur suka narke.
Nawa ake sayar da wannan a Kwatano?

Sai dai ba zan yi maka ƙarya ba.
Damina uku ban buga shi ya tashi ba.
Gwiwar dama ta ƙi,
kujerar baya kuma ba mai hawa.
Ran Juma'a nakan goge shi, in mayar da zane.

Na shiga motar.
Kujera ta karɓi bayana da ladabi,
fata ce da dukawan Birni za su so su shafa.
Duwatsun gari suka wuce shiru,
allura ta haura inda nawa bai taɓa leƙawa ba,
amma ko hulata ba ta motsa ba.
Ƙarfin doki ɗari biyar, in ji shi,
ga ta kuwa tana rarrafe a karkace kan tudun kwalta,
Kyari na cije leɓe don tausayin cikinta.
Na yi niyyar dariya,
barci ya riga ni.
Ni da na kai Agadas ido biyu, ƙwari na mutuwa a haƙorana,
na yi minshari tsakanin Damagaram da Miriya!

Na farka gindin kukoki.
Ga Gambo mai faci a inda na san shi,
mutumin da bai taɓa bari na wuce ba hannu a sama.
Ya dubi gilashi, ya ga fuskar kansa,
ya gyara hula, ya koma kan tayarsa.

A hanyar dawowa Kyari ya kasa haƙuri:
"To Baba, wanne ya fi?"
Bayana ya riga ya zaɓi nasa,
ban dai faɗa masa ba.
Na ce, "Rage wuta. Kashe sanyin nan.
Sauke mini gilashi."

Sai ga hadari ta gabas ya aiko da ƙamshinsa,
ga hayaƙin mai ƙosai, ga kukan akuya.
Na miƙa hannun dama waje.
Ban san sa'ad da wuyan hannu ya fara murɗa iska ba,
sai da na ji yaron ya ƙara mai.