Gaba, Gefe, Baya

Ajinmu yana saman shagon buga katin biki
a Tudun Wada.
In injin ƙasa ya tashi, teburi sai ɓari,
layin da na ja miƙaƙƙe ya koma tafiyar tana.

Ranar farko na zo da jarumina a jaka:
ƙirji kamar ƙofar gareji, ga takobi,
maɓallai goma sha shida,
gashi na kaɗawa ko babu iska.
Malama Ladidi ba ta ce uffan ba.
Ta tsoma buroshi a baƙar tawada,
ta shafe shi daga ƙeya har dunduniya,
ta ɗaga shi saitin taga. "Wane ne wannan?"
Na duba.
Buhun gawayi ne mai hannu biyu.

"In inuwa ba ta faɗi sunansa ba,
fenti ba zai faɗa ba.
Maɓallan nan kuwa,
zane goma sha biyu ke motsa daƙiƙa ɗaya.
Yi lissafi. Kai za ka ɗinka su duka."

Mako uku muna kan da'ira, murabba'i da kusurwa uku.
Wai mai da'ira ba ya firgita yaro,
murabba'i a jingina da shi a huta,
mai tsini kuwa a ƙirga canji sau biyu.
Na ce ashe zane ma da camfinsa.
Ta ce, "Je ka Panteka ka gani."

Na je, na zauna a kan mataccen batir.
Mai ƙera murhu, wuya ya nutse cikin kafaɗu,
akwati ne riƙe da guduma.
Mai kunun zaƙi tulu ce ke tafiya.
Dillalin wayar wuta kibiya ne sak,
har haɓarsa tana nuna aljihun mutane.
Fensir ya dakushe, na ari reza wurin mai faci.

Sai aikin ƙarshen wata:
mutum ɗaya, tsayuwa uku.
Na ɗauki wani dattijo, ban raɗa masa suna ba.
Tsawonsa kai biyar da rabi, hula a karkace.
Gaba ya ba ni wuya,
na yi ta gogar hanci har takarda ta huje.
Gefe da dama-dama.
Da na zo baya, hannu bai jira ni ba:
kafaɗar hagu ta ɗan fi sauka,
wuyan riga ya naɗe ciki,
ƙafar wando ɗaure da roba don gudun sarƙar keke,
kwanon tuwon ɗumame a ƙulle cikin ƙyalle.

Na ajiye fensir.
Baba ne.

Haka nake hango shi ta gefen labule bayan asuba,
zai tafi masaƙa a Kakuri.
Kafin ya dawo na yi barci.
Shekara tara muka yi tare a duniya,
bayansa na haddace.

Malama ta daɗe tsaye a kaina, ba ta tambaya ba.
"Wannan ko an ɗauke wuta zan gane shi.
Saura fuska. Ina son fushi, mamaki da dariya
kafin Litinin."

Na hau a-daidaita zuwa Rigasa.
Na tarar da Inna tana tsintar wake.
"Inna, yaya Baba yake dariya?"
Ta busa ƙaiƙayi, ta jefar da tsakuwa guda.
"Ba ya buɗe baki, yana kunyar giɓinsa.
Kafaɗunsa ne ke yi masa."

Daren nan na jera takarda goma sha biyu.
Ban taɓa fuskar ba.
Na ɗaga kafaɗa kaɗan, na sauke,
na ɗaga, na sauke,
na kama gefen takardun da babban yatsa, na saki.

Yana tura keke zai fita zaure.
Ban san me na faɗa ba a bayan labulen.