Darasin Laraba a Farin Gada

Duk Laraba bayan la'asar take zuwa,
Ermelinda, likitar shanu daga Beira,
jar lakar Vom a takalminta,
da littafi mai koren bango da ruwa ya taɓa ci.
Ni Asabe, na sha alli shekara talatin,
na yi ritaya, na ɗauka ni da Turanci mun raba gari.

A ƙofar kemis na fara ganin ta.
An rubuta push. Ta ja. Ta sake ja.
A harshensu, in ji ta, kalma mai wannan amo
ja take nufi, ba turawa ba.
Na ce mu nan, in kin ƙara mata wasali guda
fushi ke nan, kuma shi kike yi da ƙofar.
Ta yi dariya har sai da ta nemi benci.

Da ta shiga ta ce wa yaron constipated take.
Mura take nufi, sanyin Jos ya kama ta.
Ya miƙo mata maganin sakin ciki.
Kwana biyu shanu ba su ga likitarsu ba.

Na ce rubuta, kama da wane ba ta wane.
Parents uwa ce da uba, shi ke nan,
ban da gwaggo, ban da kawu, ban da jikan ƙanwar kaka.
Ta ɗago kai. Mu kam duk dangi ke nan, in ji ta,
to ina Bature ke ajiye sauran?
Ban da amsa. Na ƙara mata shayi.

Watan Agusta ruwa ya tsare mu a falo,
kwano na kuka, ba mai jin wani.
Na ɗaga murya: su kyanwa da karnuka ke zubo musu!
Ta leƙa taga, ta ce su da tulu ake kwararo musu.
Na ce mu da bakin ƙwarya.
Ta ce ka ji masu hankali, mu da ku,
ko ba komai mun san abin ɗiban ruwa.

Na koya mata fatan alherin da ke karya ƙafa,
da sirrin da ke zuba kamar wake,
da abu mai sauƙi da suke kira yankin kek,
ita da ta san kuɗin fulawa a Taminus.
Na koya mata shurin bokiti, muka yi ta ƙyaƙyatawa.
Ta ce a wajensu takalma ake bugawa.
Na ce mu riga mu ake yi, gidan gaskiya.
Wannan ba ta yi dariya ba. Ta rubuta shi daban,
can ƙasan shafi, da jan biro.

Wata Litinin sai ga ta, ba ranarta ba,
ba littafi, ba laima.
Mahaifinta. Jiya da dare. Darakta na son takarda
kafin ya sa hannu ta tafi.
Ta riƙe biro ta dube ni: Malama, bokitin ne?
Na riƙe hannunta na ce a'a, 'yata,
wancan na mamacin da ba naka ba ne.
Rubuta passed away. Ya wuce.
Ta ce ya wuce ina?
Na ce Turancin bai faɗa ba.
Ta ce to ba ni naku.
Na sake ba ta. Ta faɗa sau uku,
tana tauna gaskiya kamar tsakuwa a shinkafa,
amma a takardar darakta muka sa na Bature.

Damina ta ɗauke. An haƙe dankali.
Koren littafin na nan kan firij,
shafi na arba'in da ɗaya, rabi ba rubutu.
Jiya na je sayen maganin gwiwa.
Harafi huɗu, na koyar da su shekara talatin.
Na kama marikin ƙofar
na ja.