Laba Tara da Oza Huɗu

Tun watan Maris babana ya kwance bindigarsa,
ya baje gaɓoɓinta a kan teburin cin abinci.
Sikelin da mahaifiyata ke auna garin burodi
shi aka naɗa alƙali:
laba tara da oza huɗu.

"A fili ba komai ba ne, Signe," in ji shi,
"amma dutse ninka kaya yake yi.
Abin da kika ɗauka tsinke a gindinsa,
kafin ki kai kafaɗarsa ya zama gungume."

Shekararsa sittin da bakwai.
Gwiwar hagu ƙarfe ce,
likitan Whitehorse ya dasa ta.

Ya kai wa Odell maƙeri bututun,
aka datse inci biyu,
aka fafe masa kwari-kwari daga kai har gindi.
Babban madubin hange ya tafi,
wani siriri ya gaje shi.
Maratayin fata da ya sha gumin shekara talatin
ya koma ƙusar bango.
Dare bayan dare yana huda cikin ƙota,
garin katako na zuba a kofinsa,
yana sha bai sani ba.

Saura ɗan allon tagulla a gindin ƙota,
mai ɗauke da sunan kakana, Aksel.
Oza uku.
Ya cire, ya mayar.
Ya cire, ya kwana, ya mayar.
Ran da ya cire na ƙarshe bai dube ni ba,
ni ma ban ce uffan ba,
na jefa shi aljihun rigar sanyina.

Laba bakwai ba oza ɗaya.
Ya ɗaga ta da yatsu biyu yana dariya.

Agusta, duwatsun Ruby.
Kwana huɗu muna hawa,
tsakuwa na zamewa, hazo na haɗiye hanya,
yana ƙirga taku ashirin, ya tsaya,
ya ce wai kallon gari yake yi.
Babu gari.
Tafki ne can ƙasa, kamar ƙwaryar da aka manta.

Ran na biyar, da hantsi,
ga shi:
ragon dutse, fari fat,
ƙahonsa ya zagaye kunne ya dawo ya wuce ido,
yana tuƙa, duniya ba ta dame shi ba.

Babana ya kwanta rub da ciki,
ya ɗora bindigar kan jakata.
Ina kallon bakinta.
Rawa yake.
Duk bugun zuciyarsa sai ya bi hannu,
ya bi ƙotar da ya rarake,
ya fito a baki.
Iska ta taɓa ta, ta bi iska.
Ta da, mai nauyin nan, in ta kwanta ta kwanta.

Yatsansa na kan kunama.
Na ƙirga numfashi bakwai.
Ragon ya miƙe, ya yi miƙa,
ya haura tudu ba gaggawa,
ya bar mana duwatsu biyu uku suna gangarowa.

"Na sassaƙe ta," in ji shi, goshinsa a ƙasa,
"har ta manta yadda ake tsayawa."
Sai ya juya rigingine, ya yi ta dariya
har tari ya sarƙe shi.

Na ciro tagullar na ɗora masa a ƙirji.
Ya daɗe yana kallonta.
"Ashe tsohon ma ya hau."

A gangara ya tsinci wani dutse
baƙi, da farar jijiya a tsakiya,
ya cusa a jakarsa, ya hana ni taimako.
Da muka iso gida, don tsokana,
na ɗora shi a sikeli.
Laba biyu da 'yan kai.

Mahaifiyata ta sauke shi,
ta goge farantin da gefen hannun riga,
ta zuba gari.