Gangarar La Paz

Daga El Alto zuwa cikin kwari
hanya ba ta san sabo ba.
Na taka birki, sitiyari ya ɗau kyarma
kamar mai zazzaɓin dare,
lemun Doña Remigia ya watse ƙarƙashin kujera.

Teófilo ya cire taya,
ya shafa faifan birki da ɗan yatsa
kamar makaho na laluben fuskar ɗansa.
"Nan tudu, nan rami.
Ka sauko da shi ja wur, ka tsaya a danja
ƙafa danne, takalmin ya bar masa tambari.
Ga tsatsa a mazauninsa.
Wa ya ɗaure notin nan?
Ɗaya da fushi, ɗaya da wasa."

Kwali biyu ya ajiye a benci.
Na ɗaga mai araha: ba nauyi, ba lamba.
"Wannan na mutanen fili ne.
Kuma hagu da dama tare ake sauyawa,
kada su yi gardama."

Na ƙirga kuɗin haya,
na ƙirga kwana sha bakwai kafin gida.
Na ɗauki mai tsadar.

Da yamma na sauko a giya ta biyu,
dutsen Illimani fari fat a gilashi,
lemu zaune lafiya cikin kwando.