Matakala Talatin da Biyu

Mma Barikisu ta ce murfin tukunya ne.
Shekara arba'in tana dama koko a Aboabo,
murfi bai taɓa bar mata shatin yatsu a wuya ba.

Na san hannun.
Tun da ciwon suga ya zaunar da mijinta,
ɗan ƙarfin da ya rage masa
a kanta yake sauke shi, bayan isha'i.

Ranar Talata na raka ta Adum.
Mota biyu, sidi goma sha huɗu,
sannan matakala talatin da biyu.
Da gwiwa ta ƙirga su.

A sama, wata yarinya mai jan farce
ta miƙo takarda da Turanci,
ta yi tambaya da Tonanci,
Mma ta amsa da Hausa.
Maganar ta faɗi tsakaninsu,
ba wanda ya sunkuya.
Hotunan bango duk na 'yan mata ne.
"Kaka, jikarki aka taɓa?"
Mma ta ja mayafi ta rufe wuya.

Da muka sauko ta ce,
"Da ma kujera ɗaya suka ajiye a ƙasa,
da mai furfura irin tawa
wadda ba za ta ce in yi haƙuri ba.
Na tauna haƙuri har ya cinye min haƙora."

Yau da asuba ta hura wuta.
Layi ya kai bakin kwata,
kowa na cewa Mma, ina kwana,
kowa na kallon ludayi.